Jan Ɗigo a Mitar Baba

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da "Motar ta tashi kuwa?", ku sassauta min haka nan. Wayata ce ta faɗa bokitin wanki, sai jiya ta farfaɗo. Motar dai ta tashi. Yau cikinta za mu shiga.

* * *

Duk wanda yake ƙauyen ya ji tashinta. Tsohuwar akori-kurar marigayi Malam Sunusi, Fijo mai ruwan madara da ta yi shekaru a ƙarƙashin mangwaron farfajiyar gida har kaji suka mayar da bayanta wajen ƙwai, ɗansa Mudassiru ya tashe ta. Tun da ya baro aikin wayarin ɗin motoci a Kano ya dawo gida da niyyar riƙe gonar mahaifinsa ta bakin kanal, bai huta ba. Ya sauke inji ya mayar, ya sa batir, ya canja tayoyi. Abu ɗaya ya rage masa, mita.

Da hantsi ya shimfiɗa tabarma a gefen motar, ya zube sukudireba da filaya, sannan ya ɗauko wata ambulan mai kauri da direban Legas ya ajiye masa a tashar Kura. Ya buɗe ta a hankali. Sabuwar fuskar mita ce, fara tas, lambobinta baƙaƙe, gefenta da zagayen shuɗi. Wani mutum ne yake buga su daidai da kowace irin mota, a manna a kan tsohuwar, mita ta koma kamar yau aka fito da ita.

"Me kuma za ka kwance?"

Yayarsa Fa'iza ce tsaye a bakin zaure da goyo a bayanta. Jiya ta zo daga gidan mijinta a Dawakin Kudu don ta ga motar da idonta.

"Mita ce, Yaya."

"Me ta yi maka?"

"Tsufa ta yi. Dubi lambobin, duk rana ta cinye su. Arba'in da tamanin ma sai ka kafa ido kake bambance su."

"To sai me? Da ita Baba ya yi ta kai tumatir 'Yankaba, ba ta taɓa ɓatar da shi ba."

"Baba ya haddace ta. Ni ban haddace ba."

Ya ɗaga mata farar fuskar.

"Kalli nan. In na kunna fitila, zagayen nan haske yake yi. Bari in nuna miki bidiyon."

"Ba na son bidiyo." Ta matso har gindin motar. "Ka canja tayoyi, ban yi magana ba. Ka cire kujerar da Baba ya yi wa faci da buhun taki, ban yi magana ba. Yanzu kuma fuskarta za ka rufe. Me zai rage na Baba a ciki, Mudassiru?"

"Haba Yaya, mota ce fa, ba kabari ba."

Maganar na fita ya yi da-na-sani. Fa'iza ta ja da baya. Ta kwance goyonta, ta zauna a bakin tabarmar, ta ɗora yarinyar a cinya, ta kawar da kai wajen katanga.

Ya buɗe ƙofa ya shiga. Duk wankin da ya yi wa motar nan, warinta bai tafi ba: tsohon fetur, da ƙarfe mai zafi, da wani ɗan tsami-tsamin tumatir da ya shige cikin katakon bodi. Ya kwance sukurorin da suka riƙe mitar, ya zuba su a murfin kwano kada su ɓace. Ya zura hannu ta ƙarƙashin sitiyari, ya lalubo kebul ɗin gudu ya murɗe shi, ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Mitar ta taho hannunsa gaba ɗayanta, da ƙura da yanar gizo a bayanta.

Ya fito da ita ya ajiye a tabarma tsakaninsu.

Zagaye uku ne: agogo da ya daɗe da tsayawa, na gudu a tsakiya, sai na mai da zafin inji. Ta cikin gilashin da ya yi dishi-dishi ana hango jajayen ɗigon nan da duk 'ya'yan gidan suka tashi suka gani. Ɗaya a kan sittin. Ɗaya a inda mai yake shirin ƙarewa. Ɗaya a gab da inda inji ke tafasa.

Fa'iza ta saci kallonsu.

"Ka tuna?" ta ce, muryarta ta sauka.

"Na tuna."

Ina zai manta? Ranar da babu makaranta Baba kan ɗora shi a tsakiya, ƙafafunsa ba sa kai ƙasa, giya na dukan gwiwarsa. Su bi hanyar bakin kanal, ruwa na tafiya a hannun dama, shinkafa kore shar a hannun hagu, balbelu na tashi daga kunya zuwa kunya. Da sun hau kwalta sai Baba ya ce, "Direba, ina allura?" Shi kuma ya leƙa da ƙwazo ya ce, "Ta kusa ja, Baba!" Sai Baba ya yi dariya ya ce, "To mu saki totur." A lokacin gani yake duk Kura da Bunkure babu mai muƙami irin nasa.

"Ni ba ya ce min direba," in ji Fa'iza. "Kwandasta yake ce min. Ni ce mai ƙirga kwanduna."

"Kuma kullum sai kin yi kuskure."

"Ƙarya kake yi."

Suka yi 'yar dariya, amma ba ta yi nisa ba.

Ya ɗauki wayarsa ya ɗauki hoton inda kowace allura take kwance, don in ya mayar da su kada su yi masa ƙarya. Ya ɓalle maƙalan gilashin, ya ɗaga shi ya jingine a jikin taya. Sannan ya zaro cokali mai yatsu daga aljihu, wanda ya ɗauko a kwandon kwanukan Iya ba tare da ya tambaya ba. Da shi ake cire allura. A zura yatsun a ƙarƙashinta, a ɗaga a hankali, in ka yi gaggawa ta karye.

Ta gudu ta fita. Ta mai ta fita. Ta zafi ta ɗan yi gardama, ita ma ta fita.

Ya jiƙa auduga zai goge fuskar, don sabuwar ba ta kamawa a kan datti. Ya sunkuya, ya kai hannu kan jan ɗigon sittin.

Sai ya tsaya.

"Yaya."

"Mene ne?"

"Zo ki gani."

Ta matso da yarinyar a kafaɗa.

"Fenti ne mana. Irin wanda Baba yake yi wa kwandunansa alama."

"Ki duba da kyau. Ba burushi ba ne, ba tsinke ba ne."

Ta kusantar da fuska. Yanzu da babu gilashi, abin ya fito fili. Cikin kowane ɗigo akwai 'yan siraran layuka a nannaɗe. Shatin yatsa ne. Wani ya tsoma ɗan yatsa a fenti ya dangwala.

"To, yatsan Baba ne."

Mudassiru ya ɗora ƙaramin yatsansa a kai. Ya rufe ɗigon har ya yi saura.

"Kin manta hannun Baba? Mutumin da ko zobe ba ya shiga yatsansa? Wannan ko nawa ya fi shi girma."

"Ko naka ne kana yaro?"

"Tun kafin in yi wayo suke nan."

"To nawa?"

"Kin taɓa tunawa?"

Ta girgiza kai. Suka ci gaba da kallon abin.

"Wa ya ɗaukar min cokali?"

Iya ce, mahaifiyarsu Asta, ta fito daga zaure tana goge hannu da gefen zani. 'Yar ƙaramar mace ce, siririya. Tun rasuwar maigidan ba ta cika taka farfajiyar nan ba, kuma ko ta fito ba ta kallon wajen mangwaron. Ko ranar da motar ta tashi, da yara suka cika ƙofar gida da ihu, tana ɗaki ba ta leƙo ba.

"Ni ne, Iya. Yanzu zan dawo da shi."

Ba cokalin take kallo ba. Idonta na kan tabarma.

"Me ka yi mata?"

"Sabuwar fuska zan sa mata. Mannawa kawai ake yi a kan tsohuwar."

"A kai?"

"A kai, Iya."

"Ta rufe komai?"

"Komai."

Iya ta tako a hankali. Ta durƙusa a bakin tabarmar, abin da gwiwarta ba ta cika yarda da shi ba. Ta daɗe tana kallon mitar. Sannan ta miƙa hannun dama, ta ɗora ɗan yatsanta na nuni a kan jan ɗigon sittin.

Ya zauna cif. Bai yi saura ba, bai gaza ba.

Fa'iza ta rufe baki da tafin hannu.

"Iya... naki ne?"

"Nawa ne."

"Wasa kuka yi da Baba?"

"Wasa?" Iya ta yi wani ɗan murmushi da Mudassiru bai taɓa gani a fuskarta ba. "Ban iya karatun boko ba. In aka ce min sittin, ban san wace ce sittin ba. Shi ne mahaifinku ya cire gilashin nan kamar yadda ka cire, ya kawo gwangwanin fentin kwanduna, ya ce, 'Da hannunki za ki sa, tunda ke za ki kiyaye.' Ya ce kada allurar nan ta wuce nan. In waccan ta sauko nan, mu nemi gidan mai. In wannan ta hau nan, in tsaya ko a tsakiyar gada ne."

Mudassiru ya ji cokalin ya zame daga hannunsa.

"Ki tsaya? Iya, ke kike..."

"Ni nake tuƙawa."

"Wannan motar?"

"Akwai wata ne?"

Yarinyar Fa'iza ta fara ƙananan kuka. Ba wanda ya kula ta sai da Iya ta miƙa hannu ta karɓe ta, ta gyara zama a tabarmar, tana jijjiga ta a cinya.

"Kana ƙarami sosai," ta ce da Mudassiru. "Wannan kuwa," ta nuna Fa'iza da haɓa, don ba ta faɗar sunan 'yar fari, "ta fara zuwa allo. Wata asuba ya fita da lodi, sai ga shi ya dawo a ƙafa, wandonsa jage-jage da taɓo. Ya ce wa mutane jaki ne ya gifta masa, tayar gaba ta zame gefen kanal. Aka je aka turo ta. Da ya shigo ɗaki sai ya zauna a bakin gado ya ce, 'Asta, babu wani jaki. Hanyar ce ban gani ba.'"

"Idon?" in ji Fa'iza. "Amma ai sai da muka girma idon Baba ya fara..."

"Sai da kuka girma kuka sani. Dundumi ne ya fara masa. Da rana garau yake gani. Da haske ya ragu, shi ke nan, duniya ta rufe. Shi kuwa tumatir ba ya jiran rana. In ba ka shiga kasuwa da sassafe ba, sai ka tarar an gama ciniki, kayanka na zubar da ruwa."

"Me ya hana ya ɗauki direba?"

"Ya ɗauki direba, gari ya ji dalili? Wa zai sake ɗora kwandonsa a motar mai dundumi? Kuma ka san Baffanku Dattijo. Shi ne babba a gidan, maganarsa ce magana. Da ya ji, ranar zai karɓe makulli ya ce mahaifinku ya zauna a zaure. Shi kuwa mutum ne da in ka zaunar da shi ka kashe shi."

Mudassiru ya san haka ne. Baffa Dattijo, wan mahaifinsu, mai makarantar Islamiyyar ƙauyen, har yau in ya yi gyaran murya a ƙofar gida manya ma gyara zama suke yi.

"Lokacin an rufe ruwa ana yasar kanal," Iya ta ci gaba. "Babu kowa a gonaki. Sai ya ce wa kakarku Indo zai kai ni Kumbotso gaishe da gwaggona. Muna fita gari ya karya kan mota ya bi bakin kanal. Ya tsaya ya ce, 'Dawo nan.' Na ce, 'Malam, ka yi min rai.' Ya ce, 'Ke za ki yi min rai.'"

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Ranar farko sau nawa na kashe ta, Allah kaɗai ya sani. Ƙafata ba ta kai kuloci. In na miƙe ta kai, sai in daina ganin hanya. Ya yi ta dariya har da hawaye. Washegari ya je wajen kafinta ya yanko katako, ya huda fedojin ya ɗaura min."

"Ramukan nan!" Mudassiru ya dafe kai. "Na gan su a jikin kuloci da birki da totur. Na yi ta tunanin wane makanike ne ya yi wannan ɓarnar."

"Makaniken mahaifinka ne."

"Iya, ba wanda ya taɓa ganinki?"

"Da yamma ake yin lodi. Da an idar da sallar asuba sai mu fita mu biyu. In sa tsohuwar kwat ɗinsa, in naɗe kaina da hiraminsa har hanci. Wanda ya gani ya ga Malam Sunusi da ɗan rakiya. In tuƙa mu wuce Kura, mu hau titin Zariya, shi yana gefe yana sauraron inji. Da kunne yake tuƙi. Ya ce, 'Sa ta uku.' Ya ce, 'Babbar mota na bayanki, ba ta hanya.' Kafin mu kai gadar Tamburawa gari ya fara haske. Akwai wata tsamiya a gefen titi, nan muke tsayawa. Ya kwance katakon, in tuɓe kwat, in yafa mayafina, in koma matar da za a sauke a Kumbotso."

Ta shafa kan jikarta.

"Akwai wata mai ƙosai a gindin tsamiyar. Kullum sai ya sayo min, da zafinsa, a takarda. Mu zauna a cikin motar nan muna ci, rana na fitowa. Ban sake cin ƙosai mai daɗin wannan ba."

Fa'iza na share hawaye da bakin mayafi.

"Shi ya sa in mun tashi ba ma ganinki. Sai kunu a rufe, da Kaka Indo tana mita."

"Na tuna hannunki yana warin fetur," in ji Mudassiru. "Na taɓa tambayarki, kika ce fitila kika zuba wa kananzir."

"Ka cika tambaya tun kana yaro."

Ya dubi mitar, ya dubi wajen da allurar gudu take kafin ya cire ta.

"Iya, da yake ce min, 'Direba, ina allura?'..."

"Ni ya fara ce wa haka."

"Ni na zaci wasa yake min."

"Da farko wasa ne. Daga baya, ko da rana ƙananan abubuwa sun daina fito masa. Hanya yana gani, allura ba ya gani. In ka ce ta kusa ja, da gaske yake sakin totur."

Mudassiru ya sunkuyar da kai. Ya ɗauki audugar ya ajiye, ya sake ɗauka. Bai san lokacin da hawaye ya ɗiga a bayan hannunsa ba.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mana ba?" in ji Fa'iza.

"Ya ce in rufa masa asiri, na rufa. Bai ce in buɗe ba har ya tafi."

"To yau fa?"

"Yau na ga za a rufe min yatsa ina kallo."

Mudassiru ya jawo farar fuskar zai mayar cikin ambulan.

"Na fasa, Iya. Wallahi na fasa."

"Kai, ajiye nan." Ta riƙe hannunsa. "Manna abinka. Kai za ka tuƙa ta yanzu, kuma lambobin sun goge, na gani. Kada ka je ka faɗa rami saboda ni."

"Ba zan rufe ba."

"Na ce ka manna."

"Iya, ba zan iya ba."

Suka tsaya a haka, kowa ya ƙi saki. Fa'iza ce ta ja hanci ta ce, "Kai da kake taƙama da aikin hannu, ba ka da reza?"

Ya dube ta. Sannan ya miƙe da sauri ya shiga gida.

Ya dawo da sabuwar reza da fensir. Ya ɗora farar fuskar a kan tsohuwar ba tare da ya ɓare bayanta ba, ya daidaita ramukan allura, ya ɗaga ta sama-sama yana leƙe, ya yi alama a wuri uku. Ya kifa faranti ya ɗora ta, ya yanke 'yan ƙananan zagaye, yana riƙe numfashi kada rezar ta zarce. Ya goge tsohuwar fuskar yana kewaye jajayen ɗigon. Sannan ya ɓare takardar gam ɗin kaɗan-kaɗan, ya fara mannawa daga tsakiya, yana bi da gefen hannu yana korar iska.

Da ya ɗaga hannunsa, ga mita fara sol, lambobi baƙaƙe raɗau. Ta cikin tagogin nan uku kuwa, ga shatin yatsan Iya, ja kamar jiya aka dangwala.

"Ka ga yanzu ma suka fi fitowa," in ji Fa'iza.

Iya ta sunkuya kan mitar. Kallo kawai take yi.

Ya mayar da allurai yana duba hoton wayarsa, ya danna kowacce a mazauninta. Ya wanke gilashin ya mayar. Ya shiga motar ya haɗa wayoyi, ya ɗaura kebul, ya ɗaure sukurori. Ya murɗa makulli rabi, allurar mai ta miƙe a hankali ta wuce jan ɗigonta ta tsaya.

"Ta yi, Iya."

Iya ta miƙa wa Fa'iza yarinyar.

"Ke, shiga ɗakina. Katakon da randa take kai, jawo min su."

"Iya, waɗannan katakon...?"

"Ki jawo dai."

Aka kawo su, guda uku, sun yi baƙi saboda laima, amma ramukan noti na nan. Mudassiru ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari ya ɗaura su. Da ya fito, ya tarar Iya ta ɗaure mayafinta tamau a ƙugu, ta miƙo masa tafin hannu.

"Ba ni makullin."

"Iya, da rana tsaka? Mutane fa?"

"Ana wannan zafin wa zai fito? Bakin kanal kawai zan kai in dawo. Ku hau baya."

Ta hau kujera ta gyara zama. Ta taka kuloci, ta girgiza giya ta tabbatar tana furi, ta murɗa makulli. Injin ya kama. Ta ɗan saurare shi, kanta a karkace.

"Ka ƙara mata iska da yawa," ta ce ta taga. "Da ba haka take kuka ba."

Ta sa ribas. Motar ta fita daga ƙarƙashin mangwaron sumul, ko tsalle ba ta yi ba. Mudassiru da Fa'iza na tsaye a bodi sun riƙe ƙarfe, yarinya a bayan uwarta, suna kallon juna kamar waɗanda aka tasa daga barci.

Suka bar gidaje, suka hau hanyar bakin kanal. Ruwa cike yake, yana tafiya a hankali. Shinkafa ta fara fitar da kai. Iya ta sa ta biyu, ta sa ta uku, ko ƙara giyar ba ta yi ba. Ta gilashin baya Mudassiru yana hango gefen fuskarta. Bakinta na motsi. Da wani take magana, kuma ba su ba ne.

Suna gab da 'yar gadar da ta tsallaka zuwa gonarsu sai motar ta rage gudu.

Wani tsoho ne tsaye a tsakiyar hanya, da farar riga da sanda, ya ɗaga hannu.

"Innalillahi," in ji Fa'iza. "Baffa Dattijo!"

Iya ta taka birki. Motar ta tsaya, inji na kaɗawa.

Baffa ya tako a hankali yana dogara sanda, har ya zo saitin tagar direba. Mudassiru ya diro daga baya.

"Baffa, ni ne na... laifina ne, ni na ce ta..."

Baffa ko kallonsa bai yi ba. Ya dubi hannun Iya a kan sitiyari. Ya dubi katakon da ke ƙarƙashin ƙafarta. Ya daɗe a haka.

"Asta."

"Na'am, Yaya." Idonta na ƙasa.

"Har yanzu ba kya taka totur in za ki hau gada."

Iya ta ɗago kai da sauri.

Tsohon ya zagaya ta gaban motar, ya buɗe ɗaya ƙofar, ya jingine sandarsa, ya hau ya zauna a gefenta. Ya ja ƙofa ya rufe.

"Na sani tun tuni, na yi shiru saboda shi," ya ce. "Yanzu na tsufa, ban san nawa ya rage min ba. Kai ni inda ƙanina ya cika."

Mudassiru ya juya ya dubi Fa'iza. Su dai abin da aka gaya musu, a ɗakinsa Baba ya rasu, a kan shimfiɗarsa.

Ya dafa tagar da hannu biyu.

"Iya, ina ne Baffa yake nufi?"

Iya ba ta dube shi ba. Ta taka kuloci, ta sa giya.

"Hau," ta ce.